Kana son shiga harkar ƙwallo da kuɗinka a Kebbi: sayen gurbi, farowa daga ƙasa, akademi, ko ɗaukar nauyi?

Wani dattijon ɗan kasuwa da nake ganin girmansa, mai harkar shinkafa tsakanin Argungu da Birnin Kebbi, ya aika a kira ni shagonsa kwanakin baya. Ya san na yi shekaru ina riƙe da littafin kuɗi na wata ƙungiyar ƙwallo ta unguwa. Ya zaunar da ni a kan benci, aka kawo shayi, sannan ya ce yana son ya zuba kuɗi a ƙwallo, amma masu ba shi shawara sun raba masa hankali gida huɗu. Wani ya ce ya sayi gurbin ƙungiyar da ke babbar gasa ya sauya mata suna. Wani ya ce ya kafa tasa ya hau da ita mataki-mataki. Ɗansa na son akademi. Akawunsa kuma ya ce a sa sunan kamfani a rigar ƙungiyar jiha kawai a huta. Na ce masa, "Alhaji, a ba ni kwana biyu in rubuto." Abin da na rubuta ke nan, na kuma fitar da shi fili don na san akwai irinsa a Jega, da Yawuri, da Gusau, da Talatar Mafara.

Me ake saya in an sayi ƙungiya?

Yaranmu na jin labarin kuɗin da ake sayar da ƙungiyoyin Turai su ɗauka haka abin yake ko'ina. An sayar da Chelsea a 2022 a kan fam biliyan 2.5. Wasu 'yan fim biyu sun sayi Wrexham a 2021, ta hau mataki uku a jere har ta kai gasa ta biyu a Ingila a 2025. A Amurka kuwa masu San Diego FC sun biya dala miliyan 500 don kawai a ba su kujera a gasar MLS, suka fara wasa a 2025 a matsayin ƙungiya ta 30.

Abin da ya sa kujerar Amurka ta yi wannan tsada shi ne ba a faɗuwa daga gasar. Ko ka zo na ƙarshe, baɗi kana nan, kana karɓar kasonka na kuɗin talabijin. Kujera ce ta dindindin, kamar shago a bakin kasuwa da ka mallaki takardarsa. Idan gasar za ta ƙara yawan ƙungiyoyi, sai sabon shiga ya biya tsofaffin masu kujeru.

A Najeriya ba haka ba ne. Gasar firimiya ta NPFL ƙungiyoyi 20 ce, huɗu na faɗuwa kowace kaka, huɗu na hawowa daga gasa ta biyu, wato NNL, ƙarƙashinta kuma akwai gasa ta uku, NLO. Lokacin da aka ga ƙungiyoyi 24 a firimiya a 2019, ba sayar da kujeru aka yi ba. Rikici ne ya sa aka tsayar da kakar 2018 ba ta ƙare ba, ba wanda ya faɗi, aka ƙara huɗu, daga baya aka koma 20. Kano Pillars ta ci kofin gasar sau huɗu, a 2008 da 2012 da 2013 da 2014, amma ta faɗi a 2022. In Pillars za ta faɗi, to gurbi a nan haya ne na kaka guda, ba gado ba ne. Duk lissafin da ke ƙasa a kan wannan ya tsaya.

Ma'aunin da na bi

Na farko kuɗi, kuma kuɗin iri biyu ne: na shiga, da na riƙo wata-wata. Na biyun ne ke kashe ƙungiyoyi. Sai ɗorewa, wato in ka gaji bayan shekara biyar, me zai rage a hannunka da za a iya sayarwa. Sai sauƙin gudanarwa ga mutumin da ke da wata sana'ar da yake tsaro. Sai haɗari, na dukiya da na mutunci. Na ƙarshe, ta wace ƙofa kuɗi zai dawo.

Zaɓi na ɗaya: sayen gurbi

Ana yi, kuma ba a ɓoye ba. Marigayi Ifeanyi Ubah ya sayi Gabros ta Nnewi a 2015 ya sa mata sunansa, ya ci kofin ƙalubale a 2016. A 2024 Heartland ta Owerri ta faɗi daga firimiya, amma ta zauna a gasar ta hanyar karɓar gurbin Beyond Limits da ta hawo. Gurbin NNL ya fi sauƙin samu, don kowace shekara akwai mai ƙungiyar da ya gaji.

Kuɗin shiga shi ne mafi tsada a cikin huɗun, kuma ba shi da tsayayyen farashi, ciniki ne tsakaninka da mai shi. Amma kuɗin riƙon ne ya kamata ya hana ka barci. Yi lissafi da mafi ƙarancin albashi na ƙasa, naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024. 'Yan wasa 30 a kan wannan kuɗi naira miliyan 2.1 ne a wata, miliyan 25.2 a shekara, alhali ɗan wasan da zai riƙe maka gurbi ba zai karɓi wannan albashin ba. Ba a sa koci da mataimakansa ba, da likita, da direba, da kuɗin sa hannu, da alawus ɗin wasa.

Sai tafiya, wadda mu 'yan wannan kusurwa muka fi kowa ɗanɗana kuɗarta. A firimiya wasa 19 za ka buga a waje, har da Fatakwal da Aba. A NNL an raba gasar Arewa da Kudu, abin ya ɗan yi sauƙi, amma daga Birnin Kebbi zuwa Maiduguri ya haura kilomita dubu. Saboda halin tsaro a hanyoyi irin na Gusau zuwa Funtuwa, ba mai hankalin da zai sa yaran mutane a bas da dare. Tafiyar da a da ake yi a yini da dare ɗaya ta koma kwana biyu, kuma kowane kwana kuɗin masauki ne da abincin mutum kusan talatin.

Ta ina kuɗin zai dawo? Enyimba ta karɓi naira miliyan 100 da ta ci gasar 2023, Rangers miliyan 150 a 2024, Remo Stars miliyan 200 a 2025. Ƙungiya ɗaya ce cikin 20 ke ɗaukar wannan. Kuɗin ƙofa kuwa kowa ya san yadda ake yi a filayenmu: rabin 'yan kallo ɗan'uwan mai tsaron ƙofa ne, sauran su jira a buɗe bayan hutun rabin lokaci.

Akwai abin da mutane ba sa son a faɗa. Mai Remo Stars, Kunle Soname, shi ne mai kamfanin caca na Bet9ja. A duniya kamfanonin caca na cikin manyan masu zuba kuɗi a ƙwallo. Ɗan kasuwa Musulmi a Kebbi ko Zamfara ba zai buɗe wannan ƙofa ba, kuma bai kamata ba. To ya sani tun farko cewa yana gasa da masu rijiyar da shi ba zai sha ba, da kuma gwamnatocin jihohi masu biyan albashi daga baitulmali.

Ɗorewarsa kaɗan ce. FC Ifeanyi Ubah ta faɗi a 2021. An kori Giwa FC ta Jos daga firimiya a 2016 bayan ta ƙi halartar wasanni uku. Ranar da ka faɗi, darajar abin da ka saya ta zube. Kuma in za ka saya, kada ka yi cinikin biri a sama: ka sa lauya ya binciki bashin albashin tsofaffin 'yan wasa da masu horarwa, don bashin na bin ƙungiya ko an sauya mata suna, kuma yana iya jawo a hana ta rajistar sababbin 'yan wasa.

Zaɓi na biyu: kafa taka ka faro daga ƙasa

Ka yi rajista da hukumar ƙwallo ta jiha, ka buga gasar jiha da NLO, ka nemi hawa. Kuɗin shiga kaɗan ne, kayan wasa ne da rajista da alawus. Yawancin yaran na kwana gidan iyayensu, tafiye-tafiyen ba su da nisa. Sunan da launin rigar naka ne tun ranar farko, kuma mutanen gari na son ƙungiyar da suka ga tasowarta fiye da wadda aka sauke musu da rana tsaka.

Wahalarsa lokaci ne da haƙuri. Remo Stars sai da ta hau firimiya ta faɗo sau biyu, a 2017 da 2019, kafin ta zauna da gindinta har ta ci kofi. Barau FC ta Sanata Barau Jibrin ta kai firimiya a 2025 cikin ɗan lokaci, amma wannan saurin na mai aljihu irin nasa ne.

Haɗarin ƙananan gasanni shi ne ƙazanta. A 2013, a wasannin neman hawa, Plateau United Feeders ta ci Akurba 79 da nema, Police Machine ta ci Babayaro 67 da nema a rana ɗaya, hukumar ƙwallo ta ƙasa ta haramta wa 'yan wasan ƙwallo har abada. Wannan ya fito fili ne don ya wuce hankali. Ƙananansa na faruwa ba a ji ba. Za a zo maka a ce a "ga" alƙalin wasa. Mutumin da ya yi shekara talatin yana gina suna a kasuwa ya yanke shawara tun yau cewa ba zai ba da ko sisi ba, ko da hakan zai sa ya ƙara kaka biyu a ƙasa.

Wani abin kuma: nasara a nan tana ƙara maka nauyi. Duk matakin da ka hau, kuɗin riƙo na ninkuwa, har ka iske kanka a lissafin zaɓi na ɗaya.

Zaɓi na uku: akademi

A nan zan daɗe, don nan ne zuciyata take, kuma nan ne na ga asara da idona.

Zaidu Sanusi ɗan Jega ne. Daga Jega United ya tafi Fotugal, ya bi ta ƙananan ƙungiyoyi har Santa Clara, Porto ta saye shi a 2020, kuma shi ya ci Benfica ƙwallon da ta ba Porto kofin gasar a 2022. Victor Osimhen daga wata akademi a Legas ya fito. Ahmed Musa ya taso ne daga akademi a Jos kafin Pillars da Turai. Ba sai an gaya wa mutumin Kebbi cewa akwai yara ba, ya je kowane filin makaranta bayan la'asar ya gani.

Ga dokar da ya kamata kowane mai akademi ya haddace. FIFA ta ce duk lokacin da aka sayar da ɗan wasa daga wata ƙasa zuwa wata, za a cire kashi 5 cikin ɗari na kuɗin a raba wa ƙungiyoyin da suka rene shi daga shekara 12 zuwa 23. Kowace shekara daga 12 zuwa 15 tana da kashi 0.25 na kuɗin cinikin, daga 16 zuwa 23 kuma kashi 0.5. Mu ɗauka yaro ya zauna wurinka daga 12 zuwa 17. Kasonka kashi 2 ke nan. In wata rana aka sayar da shi yuro miliyan 5, kana da yuro 100,000, kuma in an sake irin wannan ciniki za ka sake karɓa. Wannan ban da kuɗin da za ka sayar da shi da kanka, da kason gaba da za ka iya rubutawa a yarjejeniya. Tun 2022 FIFA ta buɗe ofishi a Faris da ke bin waɗannan kuɗaɗe ya biya masu haƙƙi.

Sai dai ofishin ba ya sanin wahalarka, takarda yake dubawa. In ba a yi wa yaron rajista da sunan ƙungiyarka a na'urar hukumar ƙwallo ba, a wurinsu bai taɓa taka filinka ba.

A ƙungiyarmu ta unguwa mun taɓa samun wani yaro mai buga gefen hagu. Shekara huɗu muna saya masa takalmi, muna biya masa kuɗin jarrabawa. Ina tuna ranar da ya karye a yatsa, kocinmu ya goya shi a babur zuwa wurin mai ɗori, mahaifiyarsa na tsaye a bakin zaure da mayafi a hannu tana salati. Wata rana wani mutum ya zo daga Kudu da mota mai sanyi, ya zauna da mahaifin yaron a kan tabarma, ya ajiye ambulan. Kocin ya ce da uban, "Baba, wanga yaro mu munka rene shi." Uban ya amsa da cewa gaskiya ne, Allah ya saka da alheri. Bayan mako guda yaron ya tafi. Da muka je neman haƙƙinmu sai aka tambaye mu katinsa na rajista. Ba mu da shi. Abin da muke da shi hotuna ne a waya da littafina na kuɗin takalma. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Ban ga laifin uban ba, talauci ne, kuma mu ne ba mu yi abin da ya kamata ba.

Don haka kuɗin farko a akademi na takarda ne: rajistar kamfani, shiga ƙarƙashin hukumar ƙwallo ta jiha, katin kowane yaro, takardar haihuwa ta gaskiya da lambar NIN, da yarjejeniya da iyaye a gaban shaidu, a karanta musu da Hausa. Kada a rage wa yaro shekaru. Tun 2009 ake gwajin ƙashin hannu a gasar 'yan ƙasa da 17, kuma ƙungiyoyin Turai na bincike. Ka kuma sani doka ta hana kai yaro ƙungiyar waje kafin ya cika 18, sai a wasu 'yan sharuɗɗa da ba kasafai suke shafar yaranmu ba. Duk wanda ya ce zai fitar maka da ɗan shekara 15, ka sallame shi.

Kuɗi na biyu fili ne. In ka sayi fili a bayan gari ka katange, ka haƙa rijiyar burtsatse, ka mallaki abin da darajarsa ba ta jiran sakamakon wasan Lahadi. Ciyawa a zafin Maris da Afrilu na Birnin Kebbi sai da ban ruwa kullum, don haka a fara da fili mai laushi da aka share tsakuwa, ciyawa ta biyo baya. Kuɗin riƙo matsakaici ne: masu horarwa biyu ko uku masu takardar shaida, abinci, magani, da makaranta. Ban yarda da akademin da ke cire yaro daga boko da islamiyya ba. A cikin yara hamsin, akasarinsu ba za su ci abinci da ƙwallo ba, kuma amanarsu na wuyanka.

Haɗarinsa a bayyane yake. Za ka iya shekara bakwai ba ka sayar da kowa ba. Kuma akademi na bukatar gasa, don ba mai sayen yaron da bai gani a wasa ba. Shi ya sa masu wayo ke haɗa shi da ƙaramar ƙungiya a NLO, kamar yadda Beyond Limits ta taso a Ikenne kusa da Remo Stars.

Zaɓi na huɗu: ɗaukar nauyi

Ka sa sunan shinkafarka a rigar Kebbi United ko Zamfara United, ko ka sa kofi tsakanin ƙananan hukumomi a buga wasan ƙarshe a filin Haliru Abdu. Kai ke yanke abin da za ka kashe, kaka na ƙarewa ka tsaya ko ka sabunta. Talla ce, ba jari ba, ba abin da za ka sayar daga baya. Ƙungiyar gwamnati kuma shugabanninta na sauyawa da sauyin gwamnati, don haka a rubuta yarjejeniya ta shekara ɗaya, kuma gara ka ba da kaya, riguna da ƙwallaye da man bas, da ka miƙa tsabar kuɗi.

| Ma'auni | Sayen gurbi | Farowa daga ƙasa | Akademi | Ɗaukar nauyi |
|---|---|---|---|---|
| Kuɗin shiga | Mai yawa ƙwarai | Kaɗan | Matsakaici, ya ƙaru in da sayen fili | Yadda ka ga dama |
| Kuɗin riƙo | Mai nauyi kowane wata | Kaɗan, yana ninkuwa in an hau | Matsakaici | Babu |
| Abin da zai rage | Gurbi, in ba a faɗi ba | Suna da magoya baya | Fili da haƙƙi a kan 'yan wasa | Sanin sunan kayanka |
| Sauƙi | Sai da cikakkun ma'aikata | Yana cin lokacinka | Sai da amintaccen koci da mai takardu | Mafi sauƙi |
| Babban haɗari | Faɗuwa da tsohon bashi | Maguɗi da daɗewa a ƙasa | Sace yara, dogon jira | Sauyin shugabanni |
| Dawowar kuɗi | Da wuya | Da wuya, sai ta sayar da ɗan wasa | Mai yiwuwa bayan shekaru | Ta hanyar ciniki |

Wa ya dace da wanne

In abin da kake so a san kayanka a kasuwannin Kamba da Zuru da Gusau, ɗauki na huɗu, ka fi karkata ga kofin ƙananan hukumomi, don a can ne masu sayen buhunka suke tsaye a bakin fili.

In burinka garinku ya samu ƙungiyar da za a yi alfahari da ita, kana da lokacin zuwa filin da kanka, kuma ka ɗauki abin da za ka kashe a matsayin hidimar al'umma, na biyu ne naka. Ka sa wa kanka iyakar kuɗin shekara tun kafin a buga wasan farko.

Sayen gurbi na mutumin da zai iya ajiye kuɗin riƙon kaka uku a gefe ne, ya rasa su duka ba tare da jarin kasuwarsa ya girgiza ba. In sai ka taɓa kuɗin sayen shanshera na kaka kafin ka biya albashin 'yan wasa, ba kai ba ne.

In kuwa kana son ka ga kuɗinka ya zama kadara, kuma za ka iya jiran shekara bakwai zuwa goma, akademi ce, tare da ƙaramar ƙungiya a NLO da yaran za su riƙa bugawa. Shi na ba Alhaji shawara. Na ce ya fara da yara 25 'yan shekara 12 zuwa 14, ya nemi fili ta hanyar Jega ko ta Argungu, kuma mutumin farko da zai ɗauka aiki ya zama wanda zai riƙe fayil ɗin kowane yaro, kafin ma a yi maganar koci.